ILIYA MECNIKOF, MALAMIN DA YA NEMI TSAWON RAI A CIKIN KINDIRMO

An haifi Iliya Mecnikof cikin shekarar 1845 a wani ƙauye kusa da birnin Harkof, wanda a zamanin yake ƙarƙashin daular Rasha, yanzu kuwa yana cikin ƙasar Yukren. Ya yi karatun ilmin halittu a jami'ar Harkof, daga baya ya koyar a jami'ar Odesa.

Cikin 1882, sa'ad da yake zaune a Mesina ta ƙasar Italiya, ya soka ƙayar fure a jikin jaririn wata halittar teku mai siffar tauraro. Kashegari ya tarar waɗansu ƙananan ƙwayoyin jikinta sun yi wa ƙayar zobe. Daga nan ne ya gano cewa fararen ƙwayoyin jini suna haɗiye ƙwayoyin cuta. Wannan aiki ya jawo masa lambar girma ta Nobel cikin 1908, tare da Bajamushen nan Paul Ehrlich.

Tun 1888 ya koma Cibiyar Pasteur da ke birnin Faris, inda ya mai da hankali kan al'amarin tsufa. A ganinsa, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci a babban hanji su ne ke zuba dafi cikin jiki, tsamin kindirmo kuwa yana hana su yaɗuwa. Ya kafa hujja da manoman Bulgeriya, waɗanda aka ce suna yawan shan kindirmo, suna kuma daɗewa a duniya. Nan da nan jama'ar Turai suka yi ca a kansa.

To, amma hujjar ba ta gamsar da sauran masana ba. Cikin shekarun 1920, Leo Rettger na jami'ar Yale a Amurka ya nuna cewa ƙwayar kindirmon Bulgeriya ba ta zama daram a hanjin mutum. Gaskiya ne waɗansu ƙwayoyin nono suna fitar da sinadarin da ke kashe 'yan'uwansu, kamar nisin da ake adana cuku da shi, sai dai abin da ya faru a farantin gwaji ba lalle ne ya faru a cikin ciki ba, kuma sau da yawa tsamin ne kaɗai ke yin kisan. Saboda haka kindirmo abinci ne mai amfani, amma ba ya maye gurbin maganin likita.

Mecnikof ya yi shekaru yana shan kindirmo kullum. Ciwon zuciya ya yi ajalinsa a Faris cikin 1916, yana da shekara 71.