James Naismith, Malamin da Ya Ƙago Ƙwallon Kwando

Idan muna lissafin gwanayen ƙwallon kwando na makaranta, sau da yawa mukan manta da wanda ya fara rataya kwandon. An haifi James Naismith a Kanada a 1861. Yana ɗan shekara tara iyayensa biyu suka rasu. Ya bar sakandare ya shiga saran katako, daga baya ya komo aji. Ya yi karatun tauhidi, amma ya zaɓi koyar da wasanni.

A Disamba 1891, a makarantar YMCA ta Springfield a Amurka, sanyi ya kulle ɗalibai cikin ɗaki har suka gagari malamai. Sai Naismith ya kafa kwandunan 'ya'yan itace biyu, ƙafa goma daga ƙasa, ya rubuta dokoki 13, ya kuma hana gudu da ƙwallo a hannu don kada su raunata juna. Kwandunan ba su da huji. In ƙwallo ta shiga, sai an hau tsani.

Abin mamaki, ƙungiyar da ya horar a Jami'ar Kansas ta ci wasa 55, ta sha kashi 60. Ya rasu a 1939.