Shehu Bishru al-Hafi: Waliyyin da Ya Bar Giya, Ya Riƙi Yi wa Kai Hisabi

Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuba. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ƴan'uwa, cikin manyan magabatan tafarkin sufanci akwai wanda ya faro rayuwarsa daga majalisar mashaya. Shi ne Shehu Bishru ɗan Harisu, mai alkunya Abu Nasri, wanda aka fi sani da al-Hafi, wato mai tafiya ba takalmi, Allah Ya ƙara masa yarda. An haife shi a yankin Marwa ta ƙasar Khurasan wajen shekara ta 150 bayan Hijira, ya zauna a Bagadaza har ƙarshen rayuwarsa.

Masu tarihin waliyyai sun ambata cewa ƙuruciyarsa ta tafi ne a wasa da shagala. Shehu Fariduddini Aɗɗar ya kawo a Tazkiratul Auliya cewa wata rana yana tafe cikin maye, sai ya tsinci wata ƴar takarda a ƙasa, an rubuta Bisimilla a kanta. Ya ɗauke ta, ya sayo turare ya shafa mata, ya ajiye ta wuri mai tsarki. A wannan dare aka nuna wa wani bawan Allah a mafarki cewa ya isar wa Bishru albishir: kamar yadda ya ƙamsasa sunan Allah, haka za a ƙamsasa nasa duniya da lahira. Mai saƙon ya tarar da shi cikin abokan shansa. Da ya ji saƙon, ya yi musu ban kwana, ya fita ƙafarsa ba takalmi, bai sake komawa ba.

Tun daga nan bai ƙara sa takalmi ba. In an tambaye shi dalili ba ya ɓoyewa: ranar da ya yi sulhu da Ubangijinsa ƙafarsa tsirara take, don haka yana jin kunyar ya sauya wannan hali. Ke nan kowace safiya, da ya taka ƙasa, yana tuna inda aka ɗauko shi.

Barin giya na dare ɗaya ne, amma tsare zuciya ya ɗauke shi sauran rayuwarsa. Ya nemi ilmin hadisi, ya ji daga manya irin su Imamu Malik da Hammadu ɗan Zaidu, ya zauna da Fulailu ɗan Iyali. Da mutane suka fara taruwa don ji daga gare shi, sai ya binciki kansa, ya tarar yana jin daɗin a ce shi ne mai ruwaya. Ya gane cewa ran da ya so giya jiya, shi ne yau yake son girma, riga kawai ya sake. Sai ya binne littattafansa, ya rage ba da hadisi, ya kuma faɗi aibin nan na kansa a fili.

Haka yake da lomar bakinsa. An ruwaito cewa shekara arba'in yana sha'awar gasasshen nama, bai ci ba, domin bai sami kuɗin da ya natsu da halaccinsu ba. Gidansu ma ya ɗauki wannan tarbiyya. Ƴar'uwarsa mai sana'ar kaɗi ta je wa Imamu Ahmadu ɗan Hambali tana tambaya ko ya halatta ta yi kaɗi da hasken fitilun dogarai masu wucewa da dare. Da Imamu ya san ko ita wace ce, ya yi kuka, ya hana ta, don ya san matsayin tsantsenin gidan.

A ciwon ajalinsa wani mabuƙaci ya shigo masa, ya tuɓe rigarsa ya ba shi, ya ari wata, a cikinta ya cika. Ya rasu a Bagadaza a shekara ta 227 bayan Hijira, aka yi masa jana'iza da taron jama'a mai yawan gaske.

Ya kai ɗan'uwa da aka jarrabe ka da kwalba, ko kake da wanda aka jarraba a gida, kada ka yanke ƙauna, kuma kada ka wulaƙanta kowa. Bayan wuridinka na dare, zauna ka tambayi kanka: yau ina ƙafata ta kai ni, da wa na zauna, wa na ɓata wa rai, wace ƙarya na yi don in rufe halina? Abin da ke tsakaninka da Allah, ka amsa shi gabansa, ka yi istigfari ba tare da kawo uzuri ba. Haƙƙin mutane kuwa, na iyali ne ko na maƙwabci, ka nemi afuwa ka mayar tun bai kwana biyu ba. Ka sauya abokan zama, ka lizimci zawiya. In jikinka ya saba ƙwarai har yana karkarwa in ba ka sha ba, ka ga likita, domin yankewa farat ɗaya na iya zama haɗari, kuma neman magani bai saɓa wa tawakkali ba. In ka zame, ka tashi a ranar, ƙofar tuba a buɗe take.

Allah Ya ba mu tuba ingantatta, Ya tabbatar da dugaduganmu, Ya sa mu cikin albarkacin bayinsa nagari. Amin.