Sa Thomas Fowell Buxton da Gonar Lakwaja

Ni ɗan manomi ne daga ƙasar Ɗambatta, inda gona ke manne da gona. Shi ya sa ranar da malaminmu na tarihi ya kawo labarin wani Bature wanda ya ga noma ne maganin cinikin bayi, sai na kasa kunne.

An haifi Buxton a Ingila cikin 1786. Attajiri ne mai gonaki a lardin Norfolk. Ya wakilci garin Weymouth a Majalisar Ingila daga 1818 zuwa 1837. Da Wilberforce ya tsufa, shi ya gaje shi wajen yaƙi da bauta, har aka kafa dokar 'yanta bayi a ƙasashen da Ingila ke mulki cikin 1833. A 1840 aka ba shi sarautar baronet, wadda ɗa ke gada daga uba.

A ganinsa, in sarakunan Afirka suka sami riba daga auduga da sauran amfanin gona, za su bar sayar da mutane. Saboda haka ya sa gwamnati ta aiko jiragen ruwa 3 Kogin Kwara cikin 1841, aka buɗe gonar gwaji a Lakwaja. Amma zazzaɓi ya kashe Turawa fiye da 40, gonar ta watse. Wannan ya karya masa zuciya, ya mutu a 1845.

Duk da haka tafiyar ba ta tashi a banza ba. Ɗaya daga cikin matafiyan, Schön, ya duƙufa kan harshenmu har ya buga ƙamus na Hausa a 1876.

'Yan'uwana ɗalibai, kada boko ya sa mu raina fartanyar iyayenmu.