Marigayi Saidu Keita, Mai Hoton Bamako Da Aka Nuna Aikinsa Ba Suna

Marigayi Saidu Keita, wanda ake rubuta sunansa Seydou Keïta a Faransanci, mai ɗaukar hoto ne na Bamako, babban birnin ƙasar Mali. A yau duk inda aka tara aikin masu hoto na Afirka aka jera a bango domin jama'a su zo kallo, da wuya a rasa nasa a ciki. Amma sa'ad da hotunansa suka shiga irin wannan taro a ƙasar Amurka, ba a ko rubuta sunansa a ƙarƙashinsu ba, shi kuwa yana can gida Bamako ya daɗe da barin sana'ar.

An haife shi a Bamako wajen shekara ta 1921, lokacin ana kiran ƙasar Sudan ta Faransa. Shi ne babba a cikin ƴaƴan gidansu. Mahaifinsa kafinta ne, saboda haka tun yana yaro ya kama aikin katako. A shekara ta 1935 wani ɗan uwan iyayensa mai suna Tiemoko ya komo daga Sanagal da wata ƴar na'urar hoto ƙirar Kodak Brownie, wadda ke ɗaukar hoto 8 kafin a sake mata fim, ya ba shi. Ya fara da mutanen gida da abokan aikinsa na kafinta. Hotunan farko da yawa ba su fita da kyau ba, amma bai daina ba. Ya riƙa zuwa kantin wani Bafaranshe mai sayar da kayan hoto, Pierre Garnier, yana tambaya, sa'an nan wani malamin makaranta mai suna Mountaga, wanda ya riga shi sanin sana'ar, ya koya masa wanke fim da fitar da hoto a takarda.

A shekara ta 1948 ya buɗe wurin aikinsa a filin gidansu, cikin unguwar Bamako-Kura, bayan babban gidan kaso. Wurin ya yi masa daidai, domin ba shi da nisa da kasuwa da gidan silima da tashar jirgin ƙasa mai zuwa Dakar. Matafiya da fatake da ma'aikata kan biyo, su ga hotunan da ya liƙa, su shiga. Ba a daɗe ba sunansa ya game gari, har ya ƙetare zuwa ƙasashe maƙwabta.

Yadda yake aiki abu ne da ya kamata a tsaya a duba, domin a nan gwanintarsa take. Ya fi son hasken rana, a tsakar gida yake ɗaukar yawancin hotunansa. Fim ɗinsa babba ne, santimita 13 a 18. In ya wanke shi sai ya sami abin da masu sana'ar ke kira nagatif, watau uwar hoto, inda fari ke fitowa baƙi, baƙi kuma fari. Sai ya aza uwar a kan takardar hoto ya haska, hoton ya fito daidai girmanta, ba ƙari ba ragi. Fim yana da tsada a wannan zamani, don haka yawanci sau ɗaya tak yake ɗaukar mutum. Wanda ke da harsashi guda ba ya harbi da garaje: sai ya gyara wa mutum zama, ya juya masa kafaɗa, ya nuna masa inda zai aza hannu, ya baje wa mace rigarta har adon zanen ya fito sosai, kana ya danna.

A bayan mai zama yakan rataya ƙyalle. Na farko da ya yi amfani da shi mayafin gadonsa ne mai geza. Daga baya ya riƙa sayen yadi mai zanen furanni ko ganye, in ya yi shekara biyu ko uku ya sake wani. Da ya tsufa, da waɗannan ƙyallaye yake gane shekarar da ya ɗauki kowane hoto. Wanda ya taɓa ganin mai hoto ran kasuwar Dakoro ya kafa ƙyalle a jikin katanga, mutanen Azagor da na rugage suna jira a ɗauke su domin takardar shaida, ya ga tushen wannan sana'a. Abin da Saidu ya ƙara shi ne ido. Yakan zaunar da mace mai atamfa mai zane a gaban ƙyalle mai wani zanen dabam, maimakon su yi faɗa sai su haɗu, fuskarta da hannuwanta su fito fili a tsakani.

Ya kuma tanadi kayan aro domin masu zuwa: kwat da hula irin ta Turawa, agogon hannu, alƙalami, tabarau, akwatin rediyo, wayar tarho, furen roba, babur ƙirar Vespa, har da motarsa Peugeot 203. Saurayin da ba shi da ko keke sai ya jingina da mota a ɗauke shi, ya aika wa iyayensa a ƙauye. Wani zai ce ruɗi ne. Amma mai hoton da wanda aka ɗauka da wanda aka aika wa duk sun san abin da ake ciki: mutum ne yake nuna inda ya dosa, ba inda ya tsaya ba. A bayan hoton da ya sayar yakan buga hatimi mai sunansa. Uwar hoton kuwa sai ya ajiye ta, ko mai shi zai komo neman wani. Da haka dubbai suka taru a cikin akwatin ƙarfe. Abu guda ne bai yi ba: bai rubuta sunayen mutanen ba.

Mali ta sami mulkin kai a shekara ta 1960 a ƙarƙashin Shugaba Modibo Keita. A 1962 gwamnati ta ɗauki Saidu aikin hoto a hukumar tsaro ta ƙasa, a shekarar da ta biyo kuma ya rufe wurinsa. Ya yi wannan aiki har 1977, sa'an nan ya ajiye, ya koma gida yana gyaran babura, domin yana son aikin inji. Samarin Bamako kuwa sun riga sun juya wajen wani sabon gwani, Malik Sidibe, wanda ke bin su gidajen rawa da bakin kogi da ƙaramar na'ura mai walƙiya. A Yamai ma an yi irinsa, Philippe Koudjina, wanda ya ɗauki dararen birnin a shekarun 1960 da 1970, ya rasu a 2014. Bayan haka hoto mai launi ya zo, injuna suka karɓe wanki, sana'ar baƙi da fari ta ja baya ko'ina.

A shekara ta 1991 wata masaniyar fasahar Afirka, Susan Vogel, ta shirya babban nuni a birnin Niyok mai suna Africa Explores, inda aka tara ayyukan masu fasaha da yawa na ƙarni na 20: zane, sassaƙa, allunan shaguna da hotuna. A cikinsu akwai ƴan hotuna baƙi da fari, an rubuta cewa daga Bamako suke, mai ɗaukarsu kuwa ba a san shi ba. A nunin tarayya ƴar takardar da ake liƙawa kusa da hoto ba ƙaramin abu ba ce. Mai kallo yana wuce aikin mutum ashirin ko talatin cikin sa'a guda, kuma ita kaɗai ke gaya masa wannan hannun wane ne. In babu ta, aikin mutum ɗaya sai ya koma kamar al'adar gari, kamar tabarma ko tukunya da ake cewa ta ƙasa kaza ce. Ga shi kuwa mai aikin yana da rai, kuma akwai gidaje barjat a Bamako da hotonsa ke rataye da hatiminsa a baya.

Wani attajiri mai tara kayan fasahar Afirka, Jean Pigozzi, ya ga hotunan, suka shiga ransa. Ya aika da kwafinsu ga André Magnin, wanda ke yi masa sayayya, ya ce a nemo mai su. A 1992 Magnin ya sauka Bamako da takardun a hannu, aka kai shi wurin Malik Sidibe. Malik na dubawa ya gane, ya ce aikin Keita ne, ya nuna gidan. Abin da masana suka kasa a Niyok, ɗan uwan sana'a ya warware shi da kallo ɗaya. Magnin ya zauna da tsohon suka buɗe akwati, ya zaɓi nagatif 921 ya tafi da su Paris. A daidai wannan lokaci wata Bafaranshiya mai hoto, Françoise Huguier, ita ma ta san shi, ta kuma yi ƙoƙari ƙwarai wajen bayyana aikinsa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. A 1994 gidan Fondation Cartier na Paris ya yi masa nuni shi kaɗai. A watan Disamba na wannan shekara, zamanin Shugaba Alfa Umar Konare, aka buɗe taron farko na masu hoton Afirka a Bamako, wanda Huguier da Bernard Descamps suka kafa. A nan aikin Saidu ya tsaya kusa da na Malik da na sauran abokan sana'a daga ƙasashe dabam dabam, kowa da sunansa, a garin da aka ɗauki hotunan. Wannan ya fi na Paris muhimmanci ga masu sana'ar, domin da yawansu ba su taɓa ganin aikin juna ba. A 1996 gidan Guggenheim na Niyok ya yi nunin In/sight, na masu hoton Afirka tun daga 1940, kuma cikin waɗanda suka shirya shi har da Okwui Enwezor, mutumin Nijeriya. Shekara 5 ke nan bayan wancan, a gari guda, wannan karo kuwa sunan Saidu Keita na cikin na gaba.

Sai dai hoton da ke bangon Niyok ba shi ne wanda matar Bamako ta saya ba. Nata ɗan ƙarami ne, tafin hannu biyu ya rufe shi. Na bangon kuwa an faɗaɗa shi a Turai, wani har santimita 120 a 180, an ƙara wa baƙinsa duhu, farinsa haske. A 1997 gidan Gagosian na Niyok ya nuna irin waɗannan, ana sayar da guda dubban dalar Amurka. Shi Saidu ya nuna farin cikinsa da ya fara ganin aikinsa da wannan girma, ya ce a lokacin ne ya tabbata aikin nasa mai kyau ne. Amma inda kuɗi ya shiga, magana takan biyo. A 2001 ya raba gari da Magnin, ya ƙulla yarjejeniya da wani dillali, Jean-Marc Patras, aka kuma kafa ƙungiya mai sunansa a Bamako domin ta kula da abin da ya bari. Ran 21 ga watan Nuwamba 2001 Allah ya yi masa rasuwa a Paris, yana da shekara wajen 80. Allah ya jiƙansa. Bayansa gardama ta tashi a kan wanda ke da ikon riƙe nagatif ɗin nan da wanda ke da ikon fitar da hoto daga cikinsu, har ta kai gaban shari'a.

Malik Sidibe, wanda ya nuna gidan, shi ma ya sami rabonsa: a 2007 aka ba shi babbar kyautar Zakin Zinariya a taron fasaha na birnin Venis a Italiya, ya rasu a 2016. A wannan shekara ta 2016 gidan Grand Palais na Paris ya tara hotunan Saidu kusan 300, manya na zamani da ƙanana waɗanda ya wanke da hannunsa. Sunansa yana bakin ƙofa da manyan baƙaƙe. A ƙarƙashin yawancin hotunan kuwa, na matan nan masu kallabi da samari masu kwat ɗin aro, shekara kawai aka rubuta, wani lokaci ma shekara kaza zuwa kaza, gwargwadon ƙyallen da ke bayansu.