Kathleen Collins: Daraktar da fim ɗinta ya yi shekara 33 kafin ya shiga sinima

A shekarun 1970 zuwa farkon 1980, wanda ya shiga sinimar Plaza a Fagge ko El Dorado a Sabon Gari, abin da zai tarar bai wuce fim ɗin Indiya ko na Chana ko na Amurka ba. A na Amurkan kuwa, in baƙar fata ya fito, galibi ko ɗan daba ne, ko mai hidima a gidan Bature, ko mai ba da dariya.

A daidai wannan lokacin akwai wata malamar jami'a a birnin New York da wannan abu ya tsaya wa a rai. Sunanta Kathleen Collins.

An haife ta ranar 18 ga Maris, 1942, a Jersey City da ke jihar New Jersey. Ta karanta falsafa da addini a Kwalejin Skidmore, ta kammala a 1963. Tun tana ɗaliba, a 1962, ta tafi jihar Jojiya tare da ƙungiyar ɗalibai ta SNCC domin taimaka wa baƙaƙen fata su yi rajistar zaɓe, aikin da ya sa aka kama ta har sau biyu.

Daga nan ta wuce Jami'ar Sorbonne a Faransa, inda ta yi digiri na biyu kan adabin Faransanci da fim. Da ta koma gida ta yi shekaru tana aikin tace hoto, kafin ta fara koyar da tarihin fim da rubutun labarin fim a City College da ke New York.

Fim ɗinta na farko, The Cruz Brothers and Miss Malloy, ya fito a 1980. Bai kai awa guda ba, kuma wani ɗalibinta, Ronald Gray, shi ne ya riƙe mata kyamara. Shi ne kuma ya ɗauki na biyun, Losing Ground, wanda aka gama a 1982 da kuɗin da bai wuce dala 125,000 ba.

Labarin fim ɗin ba shi da hayaniya. Sara Rogers, wadda Seret Scott ta fito a matsayinta, malamar falsafa ce a jami'a. Mijinta Victor, wato Bill Gunn, mai zane ne da ya sayar da wani aikinsa, ya kama gida a wajen birni domin su yi hutu. Can ya ɗauki hankalinsa ya ɗora kan wata budurwa da yake zanawa. Ita kuma Sara ta amince ta fito a fim ɗin wani ɗalibinta, inda ta haɗu da wani mutum da ke sauraronta fiye da mijinta.

Shi ke nan. Aure ne da ya fara tsami, da kishi, da mace mai ilimi da ke tambayar kanta ko karatun ya raba ta da jin daɗin rayuwa. Mai kallon fina-finan Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Amma a Amurkar 1982 baƙon abu ne. Kamfanonin rarraba fina-finai sun ƙi karɓar sa. Hujjar da aka riƙa kawowa ita ce ba a san baƙaƙen fata irin waɗannan ba: masu digiri, masu gardama kan littattafai, waɗanda damuwarsu ba talauci ko ƙwaya ba ce. Wato laifin fim ɗin shi ne ya nuna su a matsayin mutane kamar kowa.

Ita kuwa da gangan ta yi. A wata lacca da ta gabatar a Jami'ar Howard a 1984, ta bayyana cewa an saba nuna baƙar fata ko dai a matsayin waliyyi ko mai zunubi, kuma duka biyun tauye shi ne, domin an hana shi zama mutum mai kuskure da daidai. Bahaushen da ya gaji da ganin kansa a matsayin maigadi mai gurɓataccen Turanci a fina-finan Kudu ya san irin wannan ciwon.

Fim ɗin ya ci kyautar farko a bikin fina-finai na Figueira da Foz a ƙasar Fotugal. A gida kuwa, in ban da bukukuwa da ɗakunan kallo ƙalilan, bai samu shiga sinima ba. Collins ta ci gaba da koyarwa da rubuta wasannin kwaikwayo, irin su The Brothers, amma ba ta sake kammala wani fim ba.

Ta yi shekaru tana fama da kansar mama, ta ɓoye wa hatta 'ya'yanta biyu har kusan ƙarshe. Ta rasu ranar 18 ga Satumba, 1988, tana da shekara 46. Shekara biyu ke nan kafin ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, kuma shekara uku kafin Daughters of the Dust na Julie Dash ya zama fim na farko na wata baƙar fatar Amurka da aka rarraba a gidajen sinima na ƙasar.

Ta bar wa 'yarta Nina akwati cike da rubuce-rubuce. Nina na da shekara 19 a lokacin, kuma ta daɗe ba ta iya buɗe shi ba. A 2010 kamfanin wankin fim na DuArt, wanda ke ajiye da asalin zaren fina-finan, ya nemi a zo a kwashe su. Nina ta karɓa, ta sa aka gyara su, kamfanin Milestone Films ya ɗauki nauyin rarrabawa.

A 2015 aka haska Losing Ground a Cibiyar Lincoln da ke New York, masu sharhin fim suka yi ta yabo. A 2016 aka buga gajerun labaranta cikin littafin Whatever Happened to Interracial Love?, wani littafin ya biyo baya a 2019. A 2020 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa fim ɗin cikin jerin waɗanda ƙasar ke adanawa saboda muhimmancinsu.