John Snow, likitan da ya bi sawun kwalara

An haifi John Snow a birnin Yok, ƙasar Ingila, a shekara ta 1813. Mahaifinsa lebura ne. Yana ɗan shekara 14 ya tafi Niyukasul koyon aikin likita. A wannan yanki ne ya fara ganin kwalara, wato cutar zawo da amai, tana kashe masu haƙar kwal. Daga baya ya koma Landan da zama.

A wancan zamani, yawancin likitoci sun ɗauka iska mai wari ce take kawo kwalara. Snow bai yarda ba. Ya lura cutar a hanji take farawa, ba a huhu ba. Sai ya yi zaton abin da ke haddasa ta, ta baki yake shiga, tare da ruwan sha. Ya rubuta haka a 1849, amma ba a saurare shi ba, domin ba shi da isasshiyar hujja.

A ƙarshen watan Agusta na 1854, kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan. Cikin kwana 10 fiye da mutum 500 suka mutu. Snow ya karɓi sunayen mamatan, ya bi gida gida yana tambayar inda suke samun ruwa. Ya tarar yawancinsu sun sha daga famfo guda, na titin Broad Street. Daga baya ya zana taswirar unguwar, ya sa alama a kowane gida da aka yi rashi. Alamomin suka taru kewaye da famfon.

Bai tsaya nan ba, ya gwada zatonsa. Kusa da famfon akwai gidan marasa galihu mai mutum 535, amma 5 kaɗai suka mutu. Ashe gidan yana da tasa rijiya. Can kuma a Hamsted, nesa da Soho, wata tsohuwa ta mutu da cutar. Da ya bincika, sai ya gano daga famfon nan ake kai mata ruwa a kwalba, don tana son ɗanɗanonsa.

Snow ya kai hujjojinsa gaban shugabannin unguwar. Ran 8 ga Satumba aka cire hannun famfon. Cutar ta riga ta fara raguwa, saboda mutane da yawa sun gudu. Bayan haka aka tona wurin, aka ga ramin salga dab da rijiyar famfon, ƙazanta tana yoyo cikin ruwan.

Duk da haka hukumomi ba su amince da bayaninsa ba. Snow ya rasu a 1858, yana da shekara 45. A 1884 wani likitan Jamus, Robert Koch, ya nuna ƙwayar cutar kwalara, duniya ta gane Snow ya yi gaskiya.

Mu riƙe

Muhalli shi ne abin da ke kewaye da mu: ƙasa, ruwa, iska, tsirrai da dabbobi. Gurɓata ita ce shigar ƙazanta cikinsu. Mai binciken kimiyya yakan lura, ya yi tambaya, ya yi zato, ya gwada zaton, sannan ya yanke hukunci.

Tambayoyi

1. Me likitocin zamanin Snow suka ɗauka yana kawo kwalara?
2. Don me mutanen gidan marasa galihu suka tsira?
3. Ku auna taku nawa ne tsakanin rijiyar garinku da salgar da ta fi kusa da ita.