Ayako Koshino: Matar da Ta Riƙe Gida da Keken Ɗinki

Da aka ce kowa ta kawo abin da za a sa a takardarmu ta bana, sai na ce ni tarihin wata tela zan kawo, mutuniyar Japan, sunanta Ayako Koshino.

An haife ta a 1913, ta tashi a garin Kishiwada kusa da Osaka. Mahaifinta yadin kimono yake sayarwa, wato doguwar rigar gargajiyarsu da ake ɗaurewa da ɗamara. A lokacin yawancin matan ƙasar ita suke sawa, kuma da hannu ake ɗinka ta. Ita kuwa Ayako tun tana yarinya keken ɗinki ne ya shiga ranta. Ta bar makaranta ba ta gama ba, ta tafi koyon aiki a wani shagon ɗinkin wanduna, don dai ƙafarta ta taka keke. A 1934 ta buɗe nata shagon a Kishiwada, tana ɗinka kaya irin na Turawa, alhali masu saye ba su da yawa tukuna.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take yanka. Ba ta dogara da takardar awo ba. Yadin take yafa wa mace a jiki, ta duba kafaɗa, ta duba ƙugu, sannan ta sa almakashi. Duk wadda ta taɓa kai ɗinki aka ɓata mata atamfa ta san wannan ba ƙaramin ido yake so ba, don yadi in an yanke shi an yanke ke nan.

Ta auri tela ɗan uwan sana'arta, suka haifi 'ya'ya mata 3: Hiroko a 1937, Junko a 1939, Michiko a 1943. Sai Yaƙin Duniya na Biyu ya ɗauke mijin zuwa soja, ya rasu a can a 1945. Ga ƙananan yara, ga ƙasa ta lalace, ga yadi ya yi wuya. Ba ta rufe shago ba. Da wannan keken ta ciyar da su, ta tufatar da su, ta kai su makaranta.

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaran a cikin ƙyallaye da ƙarar keke suka girma, kuma dukansu sun zama shahararrun masu zayyana tufafi. Hiroko da Junko sun baje kayansu a Faris, Michiko ta kafa sana'arta a Landan. Suna can duniya tana tafa musu, uwar tana nan garinsu tana yi wa mata ɗinki.

To, a nan ne da yawanmu za mu ce aiki ya ƙare, a koma ɗaki a yi renon jikoki. Ita a'a. Tana da shekara 74 ta fito da kaya masu ɗauke da sunanta, musamman don mata masu manyan shekaru, waɗanda kasuwa ta manta da su. Ta yi musu riguna masu launi, masu daɗin sawa, daidai da jikin da ya tsufa. Ta ci gaba da aiki har ƙarshen rayuwarta. Ta rasu a 2006 tana da shekara 92. A 2011 gidan talabijin na NHK ya fara nuna wasan kwaikwayo mai suna Carnation, wanda aka gina a kan rayuwarta.

A cikinmu akwai waɗanda mazajensu suka rasu suka bar su da yara, akwai masu cewa sun tsufa da koyon sabon abu. Su na tuna da nake wannan rubutu. Ayako ba ta fara da kuɗi ba, da keke ta fara, kuma tsufa bai sa ta ajiye almakashi ba.

Allah ya sa albarka a sana'o'inmu, ya kai mu baɗi lafiya.